Ranar da Katangar Uwar Tagwaye Ta Faɗi

Kafin rana ta gama fitowa labari ya zaga unguwa kaf: katangar bayan gidan Uwar Tagwaye ta rushe, ta haɗa da ɗakin Tela, ɗan hayan gidan. An zaƙulo Tela daga ƙarƙashin bulo da karaya a hannun dama, keken ɗinkinsa kuwa ya lotse kamar mota ta bi ta kansa. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne ruwan da aka yi ɗan yayyafi ne, katangar kuma sabuwa ce fil, a ranin da ya wuce aka tayar da ita.

Ko da 'Yar Maharbi ta iso, ta tarar an riga an gama shari'a a tsaye. Ita mace ce 'yar gajera, ta ba hamsin baya, gawayi take sayarwa a bakin titi. Ubanta maharbi ne da bai haifi namiji ba, sai ya riƙa jan ta daji tun tana 'yar ficiciya, ya koya mata karanta ƙasa. In an saci akuya ko an haura gida, ita ake kira, ko da wasu mazan na yatsina fuska.

An yi wa Magini zobe, dattijo mai furfura wanda ya tayar da katangar, ya yi tsaye da hularsa a hannu. Mai Injin Niƙa, maƙwabcin gidan ta baya, shi ne ya fi kowa ɗaga murya.

"Ya cinye siminti ya ɗora mata yashi! Da mutum ya mutu fa?"

Magini ya ce, "Ku fasa bulo ɗaya ku gani mana. Ni da mijin Uwar Tagwaye muka haƙa harsashin gidan nan. Zan cuce ta bayan ransa?"

Babu wanda ya saurare shi. Shugaban unguwa ya ɗaga hannu ya ce Magini ya wuce barandarsa ya zauna, in yamma ta yi za a miƙa shi ga 'yan sanda.

'Yar Maharbi ta ratsa mutane, ta ɗauki bulo guda da hannu biyu ta sake shi a kan dutse. Ya yi ƙara, ya tsage biyu, amma bai marmashe ba. Ta sake ɗaukar wani, shi ma haka.

Wani daga baya ya ce, "To, mai gawayi ta zama injiniya."

Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta wuce bakin siririn lungun da ya raba katangar da ginin Mai Injin, ta gicciya sandarta ta tare shi.

"Duk wanda ya sa ƙafa a lungun nan kafin in gama dubawa, shi zan ce ya yi. Ku gwada ni."

Aka ja da baya ana gunaguni.

*

Uwar Tagwaye tana zaune a falo ta miƙe ƙafafunta masu kumburi. Ƙawar 'Yar Maharbi ce tun suna amare, ita ce kuma ta aika a kira ta. Gidan ya yi mata girma tun rasuwar mijinta. Tagwayen sun yi aure, babban ɗanta yana aiki a wani gari, saura Auta da ke gyaran babur a shagon ƙofar gida. Shi ya sa ta yanke shawarar sayarwa ta koma ƙaramin wuri kusa da 'ya'yanta mata.

"Na yi duk abin da ya kamata," in ji ta. "Na sauya kwanon da ke yoyo, na sa an tayar da katanga, na haɗa takardu. Ga mai saye an samu, wata nas ce mai hankali. Ta zo ta ƙwanƙwasa bango, ta buɗe famfo, ta leƙa silin. Ta ce saura abu ɗaya, za ta dawo bayan an yi ruwa ta ga ko gindin bango na jan danshi. Ta ce in ta ga danshi ba za ta saya ba. Yanzu me za ta zo ta gani?"

Dillali, wanda ke nema wa gidan mai saye, yana gefe a kan kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, takalminsa mai tsini sai ƙyalli yake.

"Mama, ai nas ta tafi ke nan. Gidan da katangarsa ta faɗi, sunansa ya ɓaci. Amma ina da wani mutum da ke sayen gida yadda yake. Farashin zai sauko ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba, sai dai yau-yau za a gama."

'Yar Maharbi ta dube shi sama da ƙasa. "Ƙurar ginin ba ta kwanta ba har ka samo mai saye? Ko dama yana aljihunka?"

"Sana'ata ce, Gwaggo. In wuri ya yi hayaƙi ni nake fara shinshinowa."

Auta ya shigo da ruwa a kofi ya durƙusa ya miƙa mata. Yatsunsa duk sun farfashe, don shi ya fara tono Tela da hannu, shi kuma ya kai shi asibiti. Idonsa ya yi ja.

"Sannu da ƙoƙari, ɗana."

"Yawwa, Gwaggo." Bai ɗago ba.

Ta tambayi ƙawarta ko ta lura da wani abu a 'yan makonnin nan. Uwar Tagwaye ta yi tunani ta ce babu, sai dai ruwan wanke-wanke ya riƙa jinkirin wucewa a magudanar tsakar gida. Sun ɗauka datti ne, Auta ya ce zai duba in ya samu sarari.

*

Lungun matsattse ne, mutum ɗaya ke bi. Rufin ginin Mai Injin ya zarto ya yi masa rumfa, don haka yayyafin bai taɓa ƙasar gefen ba. 'Yar Maharbi ta tuɓe takalmi, ta manne da bango tana tafiya a hankali kamar mai tsoron tada barci.

Ta isa inda katangar ta zube. Ta tura sandarta a gindin harsashi, sandar ta shige kamar a kunu. Wannan jiƙar ba ta yayyafi ba ce, ƙasar ta daɗe tana shan ruwa. Ta durƙusa ta yi ta kawar da fasassun bulo har ta gano bakin bututun da ke fitar da ruwan gidan, wanda ya bi ta ƙarƙashin ɗakin Tela ya ɓullo ta gindin katanga. A toshe yake tam. Ta zura hannu ta jawo ƙullin ƙyallaye masu launi-launi, an cusa su a leda, an danna da ƙarfe daga waje. Ruwan da ya rasa hanya ya nemi mahaɗar bututu, ya riƙa tsiyaya ƙarƙashin gini yana cin ƙasa.

Ta zauna a kan dugaduganta ta dubi sawun ƙafa da ke ƙasar lungun. Silifa ce irin ta kasuwa, wadda rabin mazan unguwa ke sawa. Mai ita ya zo ba sau ɗaya ba, sabon sawu a kan tsoho, yana dawowa yana ƙara dannawa. Ba ya laluben hanya, tafiyarsa ta wanda ya san wuri ce.

Sai ta ga wani abu da ya tsayar da ita. A tsakiyar lungun, sawun ya yanke. Yatsun ƙafa sun nutse kamar an yunƙura, sai fili, sai dunduniya ta dira can gaba. Tsallake ne. A shiga an tsallaka, a fita an tsallaka, tsoho da sabon sawu duk a wuri guda. Ta duba wurin da ake tsallakewar. Ba kashi, ba ƙaya, ba kwata, ƙasa ce shimfiɗe kamar sauran. Ta caka sanda, ta ji tauri. Ta hau ta yi tsalle a kai, ko motsi.

Ta daɗe tana kallon wurin kafin ta naɗe ƙyallayen a gefen zaninta ta fito.

*

An dawo da Tela da hannu a naɗe, yana kwance a ɗakin wani maƙwabci, matarsa na yi masa fifita. Kowa ya san ya yi cacar baki da Uwar Tagwaye ranar da ta ce ya nemi wani wuri za ta sayar da gida. 'Yar Maharbi ta baje ƙyallayen a gabansa.

"Naka ne?"

"Nawa ne. Wancan shuɗin ma na tuna mai shi, har yau ba ta zo ta karɓi ɗinkinta ba."

"A cikin bututu na same su. Ka ce ba za ka tashi ba, ko ba ka ce ba?"

Tela ya yunƙura zai tashi, zafi ya mayar da shi. "Na ce, kuma a gaban kowa na ce! Amma Gwaggo, in toshe ruwa ya ci ɗakin da nake kwana ni da iyalina? Talauci ke damuna, ba hauka ba. Da matata ba ta fita ɗora ruwan zafi ba, da yanzu wani zance ake."

Ta tambaye shi inda yake zuba ragowar yadi. Ya ce a buhu, a ƙofar gida, duk mai so ya ɗiba. Masu gyaran babur na goge hannu da shi, Mai Injin ma yana aikowa a ɗebo masa.

Ta leƙa ƙafarsa da ta fito daga mayafi. 'Yar ƙarama ce kamar ta mace, ba ta kai sawun da ke lungu ba. Ta yi masa sannu ta fita.

*

Mai Injin Niƙa ya kashe inji da ya gan ta, gari ya yi masa fari fat har gira. Ga tsummokaran Tela a rataye a jikin injin, ga dogon ƙarfe a jingine a kusurwa.

"An ce bara ka rantse sai ka toshe bututun nan."

"Na rantse! Ruwansu yana bin gindin bangona. Na yi magana har na gaji."

"An kuma ce ka taya gidan, aka hana ka."

"Na taya. Laifi ne? Wurina ya yi mini kaɗan."

"Yaushe ruwan ya daina zuwa maka?"

Ya sosa ƙeya, gari ya zubo. "An kwana biyu. Na ga lungu ya bushe, na ce Allah ya karɓi addu'ata. Ban tambaya ba, wa ke tambayar dalilin samun sauƙi?"

'Yar Maharbi ta ɗaga sandarta ta gwada faɗin tumbinsa, ta riƙe wurin da yatsa, ta fita ta gwada bakin lungu. Ta dawo tana girgiza kai.

"Ko an shafa maka mai ba za ka shige ba, balle ka durƙusa, balle ka yi tsalle."

Matan da ke jiran niƙa suka kwashe da dariya. Mai Injin ya rasa ko ya ji haushi ko ya ji daɗi.

Ta ce, "Amma ka rage baki a kan Magini. Ka ga ruwa ya ɗauke ka yi shiru, yau kai ne kan gaba wajen ɗaure mutum."

*

Magini yana barandar Shugaban unguwa, an ajiye masa abinci bai taɓa ba. Da ta nuna masa ƙyallayen ta faɗa masa inda ta samo su, sai ya dafe kai.

"Na faɗa mata tun ina aikin. Na ce gida ba daga sama yake mutuwa ba, daga ƙasa ne. Kafin damina a zura ƙarfe a magudana, a zuba ruwa bokiti guda, a zagaya baya a ga ya fita. In ruwa ya fara jinkiri a tsakar gida, ranar ake dubawa, ba gobe ba. Katangar da ta fi kowace ƙwari, in ƙasar da ta taka ta zama taɓo, sai ta kwanta."

"Baba, tambaya ɗaya. A tsakiyar lungun nan, daidai tagar Mai Injin, me ke wurin?"

"Ba komai."

"Da can fa?"

"Au. Da akwai rami, inda muka ɗebi ƙasa lokacin ginin farko. Yakan tara ruwa. Wata damina wani yaron gidan ya faɗa, da ƙyar aka ciro shi da rai. Washegari marigayi ya kira ni, na cike shi da duwatsu na daddaɓe. An fi shekara ashirin. Lokacin Mai Injin bai zo ba, Tela kuwa ko garin bai sani ba."

"Kai kana tsallake wurin in za ka wuce?"

"In tsallake aikina? Ai ko tirela ce ta bi ta kai."

'Yar Maharbi ta miƙe ta ɗauki sandarta. Ta so a ce Dillali ne mai sawun. Ta so a ce kowa ne ma, ban da wanda take zargi.

*

Ta tarar da ƙawarta ita kaɗai tana tsintar shinkafa a tire. Ta zauna kusa da ita, ta sa hannu suna tsinta tare, kamar hira ce ta kawo ta.

"Yaya, ashe wani yaronki ya taɓa faɗawa rami a lungun baya?"

Uwar Tagwaye ta yi 'yar dariya. "Auta mana. Ranar na ɗauka na rasa shi. Kin san har ya girma in zai wuce wurin sai ya..."

Hannunta ya tsaya cak a cikin shinkafa. Ta juyo a hankali ta dubi 'Yar Maharbi, ita kuwa ta kwance gefen zani ta ajiye ƙyallayen a kan tire, ta faɗa mata abin da ta gani a ƙasa, ba ragi ba ƙari.

Daga ƙofar gida ana jin ƙarar guduma a shagon Auta.

"Ki bar maganar nan," in ji Uwar Tagwaye da murya ƙasa-ƙasa. "Zan sayar wa mutumin Dillali. Zan saya wa Tela keke, in yi masa magani. Kowa ya huta."

"Magini fa?"

"Zan ce na yafe."

"Ki yafe masa abin da bai yi ba? Wa zai sake ba shi ko da ginin akurki a garin nan? Mutumin da ya haƙa harsashin gidan nan da mijinki, ya ƙarasa rayuwarsa ana nuna shi ana cewa ɓarawon siminti?"

"Ɗana ne! Ke ba ki haifa ba ne?"

"Na haifa. Kuma ni na yanke wa Auta cibi, in kin manta. Amma ke kika kira ni, ba ni na kawo kaina ba, kuma idona ba ya komawa ya ce bai gani ba. Ko za ki daina gaishe ni har abada, Magini ba zai kwana a ɗaure ba."

Uwar Tagwaye ta share ido da bakin mayafi. "In kuma kin yi kuskure?"

"Sai in durƙusa a gaban unguwa in nemi gafararki. Ba zan kira sunan kowa ba. Ke dai ki zo ki tsaya ki kalla."

*

Da rana ta yi sanyi aka taru a bakin lungu: Shugaban unguwa, Magini, Dillali, Mai Injin, Tela da hannunsa a rataye, Auta, ga 'yan kallo har kan tarin bulo. An kawo wa Uwar Tagwaye kujera, ta ƙi zama.

'Yar Maharbi ta ɗaga ƙyallayen ta bayyana yadda aka toshe bututu da yadda ruwa ya cinye ƙasar gindin katanga. Nan take aka fara nuna juna. Mai Injin ya ce ai kayan Tela ne. Tela ya ce wa ya rantse bara? Wani ya ce a binciki mai takalmi mai tsini da mutuminsa na aljihu.

"Ya isa," in ji 'Yar Maharbi. "Kada a ce na ƙirƙira. Kowa ya shiga da ƙafarsa ya ga bakin bututun. Ɗaya bayan ɗaya. Mai Injin, kai an yafe maka."

Ta shige can ciki ta tsaya inda take ganin ƙafar kowa. Shugaban unguwa ya shiga ya fito. Dillali ya tattare riga ya bi yana ƙyamar bango, ya taka wurin bai ma san ya taka ba. Tela ya taka. Magini ya taka da ƙarfinsa. Saura Auta.

"Na gani tun da safe, Gwaggo."

"Zo ka kama mini wannan bulon, ya fi ƙarfina. Yi sauri, zai danne mini ƙafa."

Ya shigo da gudu-gudu. Daidai tagar Mai Injin, ƙafarsa ta yunƙura da kanta, ya tsallaka, dunduniyarsa ta dira a cikin tsohon sawun kamar an auna.

Ya ga inda take kallo. Ya dubi ƙasa, ya waiwaya ya ga uwarsa a bakin lungu ta dafe bango. 'Yan kallo ba su gane komai ba, sai Magini da ya ce, "Innalillahi," a hankali.

'Yar Maharbi ba ta kira sunan kowa ba, kamar yadda ta yi alkawari. Uwar Tagwaye ce ta yi magana, kowa kuma ya ji.

"Auta, fito nan. Faɗa wa mutane da bakinka wanda ya toshe magudanar gidan ubanka."

Ya fito. Bai sunkuyar da kai ba.

"Ni ne."

Wuri ya kaure. Ya ɗaga murya ya danne hayaniyar.

"Ni ne, kuma ban yi don katanga ta faɗi ba! Na ji nas ta ce in ta ga danshi ba za ta saya ba. Danshi kawai na so ta gani. An tambayi tagwaye, an buga wa babban wana waya an tambaye shi, ni da nake kwana a gidan, nake cin abinci a ƙofarsa, wa ya tambaye ni? A ɗakin nan Baba ya cika a hannuna. Sai kawai in ga baƙi suna ƙwanƙwasa bango kamar masu sayen kankana?"

"Da ka ga an zagaye Baba Magini da safe fa?" in ji 'Yar Maharbi. "Nan ma ba a tambaye ka ba ne?"

Ya dubi dattijon, ya dubi hannun Tela, sai ya zauna a kan bulo ya rufe fuska.

Uwar Tagwaye ta tako da ƙyar har gaban Magini, ta yi ƙoƙarin durƙusawa, ya yi maza ya tare ta.

Ta juya ga ɗanta. "Ban tambaye ka ba, wannan laifina ne, na ɗauka. Amma ubanka bai gina gidan nan don ya danne mutane ba. Shago kake tsoron rasawa, ko ɗakin da ya cika? Da ka buɗe baki da mun yi magana kamar mutane."

Shugaban unguwa ya ce hukunci yana hannun Tela, shi aka karya. Tela ya daɗe yana kallon Auta, wanda yatsunsa ke ɗaure da tsumma saboda tonon da ya yi.

"Ba na son a kai shi ko'ina. Ya mayar mini da keke, ya riƙe gidana har hannun nan ya warke. Amma kada ya ce na yafe. Ban kai nan ba tukuna."

Magini ya mayar da hularsa. "Ni kuma gobe da sassafe ina jiransa a nan. Shi zai kwashe ƙasar nan, shi zai kwaɓa siminti, shi zai miƙo bulo. Kuma duk wanda ya ce na ci siminti ya zo ya tsaya ya ƙirga buhu."

Mai Injin ya yi tari ya ce shi dama bai ce tabbas ba.

Dillali ya matso kusa da Uwar Tagwaye ya rage murya, amma ba yadda 'Yar Maharbi ba za ta ji ba.

"Mama, wannan labari in ya kai kunnen nas, shi ke nan. A tayar da katanga a shafe da fenti, a yi shiru. Ko kuma mutumina yana nan."

"Ka gaishe da mutuminka," in ji Uwar Tagwaye. "Nas kuwa da bakina zan faɗa mata. Ta zo ta ga ramin harsashin a buɗe kafin a rufe, ta ga sabon bututu, ta kawo magininta in tana so. In ta saya, ta san abin da ta saya. In ba ta saya ba, ina nan zaune a gidana. Ba a kore ni ba."

*

Nas ta zo ana tsakiyar aiki, ta ji komai, ta leƙa harsashi, ta ce za ta jira ruwa mai ƙarfi. Da aka yi shi, ta zo da lema ta tsaya a lungu tana kallon bututu yana aman ruwa, ta shafa gindin sabon bango ta ji shi a bushe. Ta saya, kuma ta bar wa Auta shagon ƙofar gida haya, don ta ce wanda ya ɗora katanga da gumin kunya ba zai so ta sake faɗuwa ba.

Uwar Tagwaye ta yi wata guda ba ta taka wurin gawayi ba, sai aike take yi. Wata safiya sai ga ta da kanta tana dogara sanda. Ta tsaya a kan ƙawarta, fuska ba walwala.

"Auna mini na kwano biyu. Kuma har yanzu ina jin haushinki."

'Yar Maharbi ta cika kwano har yana zuba, ta jawo mata benci da ƙafa.

"Ji abinki, Yaya. Amma zauna ki ji shi, ƙafarki ba ta son tsayuwa."